Najeriya: hanyoyin da ma'aikacin gwamnati zai bi ya ƙara kuɗin fansho idan yana son ajiye aiki da wuri

Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Najeriya yana yin ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Sai dai dokar fansho ta ƙasar ta ba shi damar fara karɓar fanshonsa tun yana da shekara 50, muddin ya ajiye aikin. Wannan tazara ta shekara goma ce ke jan hankalin ma'aikata da dama. Wani yana son komawa gona da sauran ƙarfinsa, wani kasuwa yake hange, wata kuma lafiya ce ta fara gagara ko hidimar gida ta yi mata yawa.

Doka ba ta hana kowa tafiya da wuri ba, amma ba ta cike masa giɓin da tafiyar za ta haifar. A tsarin da ake bi tun 2004, fanshon mutum shi ne abin da ya taru a asusunsa, a raba shi kan shekarun da ake sa ran zai rayu. Wanda ya tafi da wuri ya tara kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin za a raba kan shekaru masu yawa. Wannan bayani ya tattaro hanyoyin da doka ta tanada na ƙara abin da ke cikin asusun, da iyakar kowace hanya, sannan ya duba yadda lamarin yake a Nijar da Ghana.

Yadda tsarin yake aiki

Kafin 2004, gwamnati ce ke biyan fansho da giratuti kai tsaye daga kasafin kuɗi. Wanda ya yi shekara 35 yana aiki akan ba shi kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho. A takarda abin ya yi kyau, amma bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi suna shafe watanni har da shekaru ba su ga haƙƙinsu ba. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004, aka koma tsarin karo-karo, wanda aka fi sani da adashin gata. A watan Yulin 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbinta, kuma ita ce ake aiki da ita.

A ƙarƙashin dokar 2014, kowane wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10, jimilla kashi 18. Ana lissafin ne a kan abin da bai gaza ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri ba. Kuɗin yana shiga asusun ajiyar ritaya mai ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, wato RSA. Kamfanin kula da fansho da ya zaɓa, wato PFA, shi ke juya kuɗin, wani kamfani na daban kuma shi ke riƙe da su. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan dukkansu.

Wa tsarin ya shafa

Ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da na babban birnin tarayya Abuja da na kamfanoni masu zaman kansu. Sojoji da jami'an hukumomin leƙen asiri suna da nasu tsarin daban.

Jihohi kuwa kowace da dokarta. Jihar Kaduna ta fara aiki da tsarin asusun kai a watan Janairun 2017. Kano da Jigawa suna da wani tsari na tsaka-tsaki: ma'aikaci da gwamnati suna zuba kuɗi a asusu guda na kowa da kowa, amma fanshon mutum ana lissafa shi ne da shekarun aikinsa da albashinsa. Wasu jihohin kuma har yanzu tsohon tsari suke bi. Don haka abu na farko da ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma zai bincika shi ne tsarin da yake ciki, domin yawancin hanyoyin da za a ambata a nan na mai asusun RSA ne.

Shekarun da doka ta yanke

Akwai shekarun barin aiki, akwai kuma shekarun taɓa asusu, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Na barin aiki su ne 60 ko 35 da aka ambata. Dokar da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta mayar da na malaman makaranta 65 da haihuwa ko 40 a aiki, farfesoshin jami'a kuma suna kaiwa 70. Ƙa'idar shekara 35 tana nufin wanda ya kama aiki yana da shekara 20 zai tafi yana da 55 ko bai so ba. Irin wannan ma'aikacin yana buƙatar shirin da mai tafiya da wuri yake buƙata.

Na taɓa asusu kuwa, sashe na 7 na dokar ya ce ma'aikaci zai fara cin moriyar asusunsa ne idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wadda ta zo daga baya. Wanda ya ajiye aiki yana da 52 zai iya farawa nan take. Wanda ya ajiye yana da 46 sai ya jira shekara huɗu. Abin da doka ta yarda masa kafin nan shi ne ya karɓi abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba. Wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba saboda rashin lafiya ko nakasa, shi ne ake buɗe wa asusu kafin shekara 50.

Babu wani kuɗi da ma'aikaci zai biya a rage masa wannan shekara 50 ɗin. Ƙarin da zai yi yana ƙara yawan fanshon ne kawai.

Abin da tafiya da wuri ke ragewa

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ɗauka ma'aikaci yana da shekara 40, ya kama aiki yana da 28, albashin da ake lissafa masa fansho a kai naira 200,000 ne a wata, kuma asusunsa na ɗauke da naira miliyan 5. Kashi 18 na albashinsa naira 36,000 ne a wata, wato 432,000 a shekara. Domin lissafin ya tsaya a darajar kuɗin yau, a ɗauka ribar da asusun ke samu tana rufe hauhawar farashi ne kawai, a ajiye ƙarin girma gefe, kuma a ɗauka kuɗin zai ɗauke shi har shekara 80.

- Idan ya kai 60, asusun zai kai naira miliyan 13.64. A raba kan wata 240, ya tashi kusan naira 56,800 a wata.
- Idan ya tafi yana da 55, asusun zai tsaya a miliyan 11.48. A raba kan wata 300, ya tashi kusan 38,300.
- Idan ya tafi yana da 50, asusun miliyan 9.32 ne. A raba kan wata 360, ya tashi kusan 25,900.

Shekara biyar kacal ta cinye kusan sulusin fanshon, shekara goma kuma ta cinye fiye da rabi. In yana son ya tafi yana da 55 amma ya riƙa karɓar abin da zai karɓa a 60, yana buƙatar miliyan 17.05 a asusu, wato akwai giɓin kusan miliyan 5.57. Idan ya fara cike giɓin tun yana da 40, naira 31,000 a wata ta ishe shi. Idan ya bari sai yana da 48, sai ya riƙa zuba kusan 66,000 a wata, sulusin albashinsa ke nan. Mai son tafiya a 50 kuwa sai ya ƙara kusan 93,000 kowane wata na tsawon shekara goma.

Kamfanonin fansho suna da nasu ma'aunin da PenCom ta ba su, wanda ke duba shekarun mutum da jinsinsa da albashinsa na ƙarshe, don haka alƙalumansu za su bambanta da waɗannan. Amma darasin ɗaya ne: da sanyin safiya ake kama fara.

Hanya ta farko: gudunmawar ganin dama

Ita ce babbar hanyar da doka ta buɗe. Sashe na 4 ya ba ma'aikaci damar zuba ƙarin kuɗi a asusunsa bayan kashi 8 na dole. Ba a buɗe sabon asusu. Ma'aikaci zai rubuta wa sashen albashi na ma'aikatarsa adadin da yake so a riƙa cirewa, a tura tare da gudunmawar wata. Kamfanin fansho yana nuna wannan kuɗi daban a takardar bayanin asusu.

Ƙa'idojin da PenCom ta fitar a 2017 da 2018 sun shimfiɗa sharuɗɗa kamar haka. Kuɗin ya fito daga halastaccen albashi, ya kuma bi ta hannun wanda ya ɗauki mutum aiki. Kada ya wuce sulusin albashin wata. Kowace gudunmawa ana raba ta biyu: rabi mutum zai iya cirewa idan buƙata ta taso, ɗaya rabin kuma a kulle yake sai ranar ritaya, lokacin da za a haɗa shi da babban asusu a ƙara fansho. A farko an sa wa'adin shekara biyu kafin a taɓa rabin da ake cirewa, saboda wasu sun mayar da hanyar dabarar kauce wa haraji, su zuba yau su kwashe gobe. Hukumar tana sabunta waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, don haka ma'aikaci ya nemi kamfaninsa ya ba shi wadda ake aiki da ita a rubuce.

Amfanin wannan hanya ta fuskar haraji ne. Sashe na 10 ya sa gudunmawar fansho cikin abubuwan da ake cirewa daga albashi kafin a lissafa haraji, kuma fanshon da ake karɓa bayan ritaya ba a cire masa haraji. Sai dai wanda ya cire kuɗin ganin dama kafin su cika shekara biyar a asusu, za a cire haraji daga ribar da suka haifar.

Wani amfanin kuma shi ne kuɗin ba ya biyowa ta hannu. Abin da aka cire tun daga tushe ba ya shiga cefane, ba ya shiga biki ko suna. Hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin albashi ita ce duk lokacin da aka yi ƙarin girma ko ƙarin albashi, ya karkatar da rabin ƙarin zuwa asusun kafin gida ya saba da shi.

Hanya ta biyu: zaɓen inda ake juya kuɗin

Tun watan Yulin 2018 kuɗin fansho ba a tukunya ɗaya suke ba. An kasa su rukuni-rukuni gwargwadon yawan abin da ake sawa a hannun jari da makamantansu, masu iya kawo riba mai yawa kuma masu iya faɗuwa.

Rukuni na 1 shi ya fi kasada. A ƙa'idar 2018 ana iya sa har kashi 75 cikin ɗari na kuɗinsa a irin waɗannan kadarori, kuma sai wanda bai kai shekara 50 ba ya nema a rubuce ake sa shi. Rukuni na 2 shi ne inda ake ajiye duk wanda bai kai 50 ba idan bai zaɓi komai ba, iyakarsa a lokacin kashi 55. Rukuni na 3 na waɗanda suka kai 50 ne kuma suna aiki, iyakarsa kashi 20, amma suna iya neman komawa na 2. Rukuni na 4 na ƴan fansho ne. A 2021 aka ƙara rukuni na 6, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, yana zuba kuɗi a sukuk da sauran kadarorin da suka dace da shari'ar Musulunci. Kowa na iya neman a mayar da shi can.

Ga mai shekara 35 da ke da sauran shekara ashirin a gaba, faɗuwar kasuwa ta shekara ɗaya ko biyu tana da lokacin farfaɗowa. Ga wanda ya rage masa shekara uku ya tafi, faɗuwar na iya samun sa daidai lokacin da za a lissafa masa fansho. Shi ya sa mai shirin tafiya a 50 bai kamata ya jira tsarin ya sauya masa rukuni da kansa ba. Ranar tafiyarsa zai duba, ya rage kasada tun da sauran ƴan shekaru.

Haka kuma tun watan Nuwamban 2020 ma'aikaci yana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara ba tare da biyan ko kwabo ba. Kamfanonin suna wallafa farashin kason kowane rukuni, don haka ana iya kwatanta su. Abin dubawa shi ne sakamakon shekara biyar zuwa goma, domin na shekara ɗaya kan yaudari mutum.

Hanya ta uku: bin sawun abin da yake haƙƙinka

Kafin a yi maganar ƙari, a tabbatar na dole yana shiga. Doka ta ce a tura gudunmawa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, wanda ya yi jinkiri kuma ya biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Duk da haka akan samu watannin da aka cire kuɗi a albashi amma ba su bayyana a asusu ba, ko aka ci gaba da turawa a kan tsohon matakin albashi bayan ƙarin girma. Ma'aikaci ya riƙa ajiye takardun albashinsa yana gwada su da bayanin asusu. Gyaran kuskuren bana ya fi sauƙi a kan na shekara goma da ta wuce.

Waɗanda suka kama aikin gwamnatin tarayya kafin tsakiyar 2004 suna da wani haƙƙi na shekarun da suka yi a tsohon tsari. Gwamnati ce ke biyan wannan kuɗi a asusunsu idan sun yi ritaya, bayan PenCom ta tantance su. A nan aka fi samun jinkiri, har an yi lokutan da masu ritaya suka jira fiye da shekara guda ba albashi ba fansho. A watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sayar da takardun lamuni na naira biliyan 758 domin biyan basussukan fansho. Duk wanda ke cikin wannan rukuni kuma yake son tafiya kafin lokacinsa, ya tabbatar ma'aikatarsa ta tura sunansa an tantance shi, ya kuma tanadi abin da zai riƙe gida idan biyan ya yi jinkiri.

Sunan da ke asusu da ranar haihuwa su ma su dace da na lambar NIN da na fayil ɗin aiki. Saɓanin harafi ɗaya kan tsayar da biya na watanni.

Hanya ta huɗu: tanadi a wajen asusun

Asusun fansho yana da raunin da ba a ɓoye shi: da naira yake. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. A waɗannan shekaru ribar da akasarin asusun fansho suka bayar ba ta kamo tsadar kaya ba. Sannan ga mai tafiya kafin 50, kuɗin a kulle suke. Don haka mai shirin tafiya da wuri yana buƙatar tanadi na biyu wanda hannunsa zai kai gare shi.

Ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, yana sayar da takardun ajiya na gwamnati kowane wata tun Maris ɗin 2017. Ana farawa daga naira 5,000, wa'adinsu shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk wata uku. Ga wanda ba ya son kuɗin ruwa akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a Satumban 2017 da naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Ana farawa daga naira 10,000, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara. Ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata su ma hanya ce da aka saba, matuƙar ana binciken littattafansu kuma ana taron shekara.

Gona, kiwo, fili da gidan haya sun fi jure tsadar kaya, amma ba sa zama kuɗi ranar da aka so, kuma suna buƙatar kulawa. A nan akwai ƙa'idar da ya kamata a sani: jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Mai son ya koyi sana'ar da zai koma tun yana aiki, noma da kiwo ne ƙofar da doka ta bar masa a buɗe.

Abin gudu shi ne masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta bi sawu a Afrilun 2025. Duk kamfanin da zai karɓi jarin mutane dole ya kasance da rajistar hukumar SEC, kuma ana iya duba sunansa a shafinta na intanet.

Abubuwa biyu da ke rage asusu

Tun Satumban 2022 ma'aikacin da aka zuba masa gudunmawar aƙalla wata 60 yana iya amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba a matsayin kason farko na bashin mallakar gida. Wanda zai yi ritaya a gidan kansa ya huta da haya, kuma wannan babban sauƙi ne. Amma kuɗin da aka cire ya daina haihuwa, kuma sauran bashin da albashi ake biyan sa. Mai niyyar ajiye aiki nan da shekara biyar ya lissafa da me zai ƙarasa biya.

Na biyu shi ne kuɗin dunƙule na ranar ritaya. A wannan tsari daga cikin asusun mutum ake yanko shi, kuma doka ta ce sai abin da ya rage ya isa biyan fansho. Duk naira da aka karɓa a dunƙule ta fita daga abin da za a raba wata-wata. Wanda ya tafi yana da 52 ya kwashi duk abin da aka yarda masa, ya rage wa kansa sau biyu ke nan.

Ranar ritaya: zaɓi biyu

Bayan dunƙulen, mai ritaya zai zaɓi ɗaya cikin biyu. Na farko, kuɗin su zauna a kamfanin fansho ana ci gaba da juya su, ana biyan sa wata-wata ko duk wata uku. Idan ya rasu, abin da ya rage na magadansa ne, kuma idan riba ta taru akan yi masa ƙari. Haɗarin shi ne asusun na iya ƙarewa idan rai ya yi tsawo.

Na biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai mai lasisin hukumar NAICOM, shi kuma ya ɗauki nauyin biyan sa har ƙarshen rayuwarsa. Akwai lamunin shekara goma: idan ya rasu a cikinsu, magada za su karɓi na sauran shekarun, idan kuwa bayansu ne, ba abin da ya rage. Wanda ya zaɓi na farko yana iya komawa na biyu daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Mai tafiya da wuri yana iya shafe shekara talatin yana karɓa, don haka tambayar da zai yi kafin ya sa hannu ita ce ko adadin da za a ba shi yana ƙaruwa, ko a tsaye yake har abada.

Abin da ake bari tare da aiki

Doka ta wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ranar da ya bar aiki wannan kariya ta ƙare, alhali mai shekara 50 yawanci yana da ƴaƴa a makaranta. Inshorar lafiya ta ma'aikata ita ma da aikin take tafiya, kuma shekarun da ke tafe su ne na yawan zuwa asibiti. Sai kuma ƙarin girma na ƙarshe, wanda a shekarunsa ne gudunmawar wata ta fi kauri. Duk waɗannan suna shiga lissafi.

Yadda abin yake a Nijar da Ghana

A Nijar tsarin daban yake. Fanshon ma'aikatan gwamnati yana hannun asusun CARENI, na ma'aikatan kamfanoni kuma yana hannun CNSS. Babu asusun kai da mutum zai cika. Abin da masu aiki a yau suke zubawa da shi ake biyan waɗanda suka yi ritaya, kuma fanshon mutum ana lissafa shi ne da shekarun aikinsa da matakin albashinsa. A 2023 gwamnati ta ɗauki matakin ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 62. A irin wannan tsari, wanda ƙasashe da dama suka gada daga Faransa, abin da ke ƙara fansho shi ne a tabbatar an ƙidaya kowace shekarar aiki da kowane ƙarin girma a fayil, sannan a bincika ko shekarun da aka yi kafin zama cikakken ma'aikaci za su shiga lissafi ta hanyar da ake kira «validation des services». Ƙarin tanadi kuwa a waje ake yin sa: kwangilar ajiyar ritaya ta kamfanonin inshorar rai da ke ƙarƙashin dokar CIMA, takardun lamuni na gwamnatocin yankin UEMOA, ko adashi da kiwo. Kuɗin sefa da ke ɗaure da yuro a kan 655.957 ya sa ajiyar ba ta zaizayewa da sauri irin ta naira. Côte d'Ivoire ta riga ta buɗe wa ma'aikatan gwamnatinta asusun ƙarin fansho na kai a 2021, ƙarƙashin hukumar CGRAE.

Ghana kuwa ta haɗa biyun. Dokar 2008 ta kafa hawa uku: kashi 13.5 cikin ɗari na albashi yana zuwa hukumar SSNIT, kashi 5 yana zuwa asusun dole da kamfanoni ke juyawa, hawa na uku kuma na ganin dama ne, ana yafe haraji a kan abin da ya kai kashi 16.5. Shekarun ritaya 60 ne, amma wanda ya zuba gudunmawar wata 180 yana iya tafiya daga shekara 55 da ragaggen fansho.

Kafin a rubuta takardar ajiye aiki

Ma'aikaci ya nemi kamfanin fanshonsa ya ba shi amsar waɗannan a rubuce: nawa ne a asusun yau, kuma akwai watan da bai shiga ba? Nawa zai riƙa karɓa a wata idan ya tafi a 50, a 55, da kuma a 60? Nawa adadin zai koma idan ya karɓi dunƙule, nawa idan bai karɓa ba? Wane rukuni kuɗinsa suke ciki? Mene ne wa'adin cire gudunmawar ganin dama a yanzu?

Sannan ya zauna da iyalinsa su rubuta abin da gida ke ci a wata, da kuɗin makaranta da na magani, su gwada da waɗannan alƙaluma. Idan giɓin ya fi ƙarfin sulusin albashi, ranar tafiyar ce za a ɗaga. Shekara biyu da aka ƙara a bakin aiki tana ƙara gudunmawar wata 24, ta kuma rage wata 24 daga waɗanda asusun zai ciyar.